Karayar hannu: Yadda ake ɗora ƙashi ba tare da an sumar da mutum ba

Duk wanda santsi ya kwasa, hannu yake fara miƙawa. Jiki ne ke tura tafin hannu gaba domin ya kare fuska da kai, tun kafin mutum ya yi tunani, sai nauyinsa gaba ɗaya ya sauka a kan tsintsiyar hannu. Wannan ya sa karayar da ke aukuwa ɗan sama da tsintsiyar hannu take cikin waɗanda aka fi kai wa sashen agajin gaggawa a ko'ina a duniya. A Abuja ma ba ta da wuyar samu: jiƙaƙƙen tayil a matakalar ofis da damina, santsin banɗaki, ƙwallon ƙarshen mako, ko faɗuwa daga babur a Nyanya, Kubwa, Lugbe da Mararraba, inda acaɓa ke ci gaba da aiki duk da an hana shi shiga tsakiyar birni tun 2006.

Wanda abin ya faɗa wa yakan tsinci kansa tsakanin tsoro biyu. Na farko, a danne shi a ja hannun yana ji yana gani. Na biyu, a yi masa allurar barci ya kasa farfaɗowa, domin kusan kowa ya taɓa jin labarin wani da aka shiga da shi ɗakin tiyata bai fito ba. Tsoron nan biyu, haɗe da tunanin kuɗi da na kwanakin da za a yi a gado, suna cikin abin da ke juya akalar mota daga hanyar asibiti zuwa gidan mai ɗori. Alhali kuwa akwai hanya ta uku da ta haura shekara ɗari a hannun likitoci: a kashe zafi a hannun da ya ji ciwo kaɗai, mutum yana farke yana magana, a mayar da ƙashi mazauninsa, a sa filasta, ya kwana a gidansa.

Sangalin hannu, wato daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya, ƙasusuwa biyu ne a jere. Ɗaya yana ɓangaren babban yatsa, ɗaya yana ɓangaren ƙaramin yatsa. Na ɓangaren babban yatsa shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi idan an dafa ƙasa, shi ne kuma ya fi karyewa, musamman ga yara masu tasowa da mata waɗanda suka manyanta har ƙashinsu ya fara rauni. Wani likita ɗan ƙasar Ailan mai suna Abraham Colles ya bayyana wannan karaya a 1814, shekara tamanin da ɗaya kafin a gano hoton ƙashi, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Alamarta ba ta ɓuya: hannun yakan lanƙwashe ya yi tudu ta baya, kamar cokali mai yatsu da aka kifa. Idan ƙashin ya goce haka, dole a ja shi a daidaita kafin a ɗaure. Jan nan bai fi 'yan mintuna ba, amma a cikinsa duk azabar take.

Sumar da mutum saboda aikin 'yan mintuna yana da tsada ta fuska da yawa. Sai ciki ya zama babu abinci na awa shida, domin kada amai ya koma huhu, kuma wanda ya faɗi bayan abincin rana bai cika wannan sharaɗi ba. Sai an sami ɗakin tiyata da babu kowa, da iskar oksijin, da gadon farfaɗowa, da ƙwararren likitan sa barci. Na ƙarshen nan shi ne mafi wuyar samu. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Sa Barci ta Duniya ta fitar a 2017 ta ba da shawarar a sami aƙalla irin waɗannan likitoci biyar ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ko ɗaya ba ta kai ba. 'Yan kaɗan da ake da su suna kan masu haihuwa ta tiyata da waɗanda suka yi munanan haɗurra, don haka mai karayar tsintsiya zai iya wuni a kan benci yana jiran layi.

Layin da ake katsewa

Hausa tana kiran abubuwa uku da suna ɗaya. Jijiya ce ke ɗaukar jini, jijiya ce ke haɗa tsoka da ƙashi, jijiya ce kuma ke kai saƙo tsakanin gaɓa da ƙwaƙwalwa. Ta ukun ita ce abin magana a nan. Jijiyoyin saƙo na hannu suna fitowa ne daga laka a wuya, saiwa biyar, su sarƙe da juna, su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya su ratsa hammata, sannan su rabu zuwa manyan rassa da ke sauka har yatsu. Zafi saƙo ne mai kama da lantarki da ke bin waɗannan rassa zuwa sama. Maganin kashe zafi yana toshe ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiyar, kuma idan sodiyam bai shiga ba saƙon ba ya wucewa. Bambancinsa da allurar barci kamar bambancin kashe makunnin ɗaki guda ne da sauke layin gida baki ɗaya.

Siraran jijiyoyi masu ɗaukar zafi su ke fara yin shiru, masu ɗaukar taɓi da danni kuwa sukan jima. Saboda haka majinyaci na iya jin ana riƙe da hannunsa ana ja, ba tare da raɗaɗi ba. Wanda ba a gaya wa haka tun farko ba yakan firgita ya ɗauka allurar ba ta kama ba.

Asalin abin daga hodar iblis ne. A 1884 wani matashin likitan ido a birnin Biyana, Karl Koller, ya nuna cewa ɗigon ruwan koken yana kashe zafi a ido har a yi aiki. Ba a jima ba William Halsted a Amurka ya fara zuba shi a kan jijiyoyi kai tsaye, ya kuma yi ta gwaji a jikinsa har maganin ya kama shi, ya sha fama da jarabarsa tsawon rayuwarsa. A 1911 likitoci biyu a Jamus, Georg Hirschel da Diedrich Kulenkampff, suka nuna za a iya isa ga sarƙar jijiyoyin hannu da allura ta cikin fata, ɗaya ta hammata, ɗaya ta saman ƙashin wuya. Maganin da aka fi amfani da shi a yau, lidoken, a Suwidin aka haɗa shi a 1943. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada, kuma shi ne dai wanda likitan haƙori ke yi wa mutum kafin ya cire haƙori.

Mafi sauƙin hanyoyin ita ce a zuba maganin a cikin karayar kanta. Duk inda ƙashi ya karye jini yakan taru a tsakanin ɓangarorin biyu. Likita zai wanke bayan tsintsiyar hannu sosai, ya soka allura har bakin karayar, ya ɗan ja baya ya ga baƙin jini ya shigo sirinji, alamar ya isa wurin, sannan ya tura lidoken mililita biyar zuwa goma. Bayan minti goma ana iya ja. Ba ta buƙatar na'ura, ba ta buƙatar a jira ciki ya sauka, kuma duk asibitin da ke da tsafta da hoton ƙashi zai iya yin ta. Sai dai ba ta kashe zafin duka, tsokoki kuma ba sa saki. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2002 ya nuna alamun cewa hanya ta biyu ta fi ta kashe zafi, ko da yake ita ta fi sauri da sauƙi. Ta fi aiki a sabuwar karaya, kafin jinin ya daskare, kuma ba a yin ta idan fatar wurin ta fashe ko tana da ƙurji.

Hanya ta biyu ta August Bier ce, likitan Jamus da ya fito da ita a 1908. An yi watsi da ita shekaru da dama, sai a 1963 wani likita ɗan Niyu Zilan, Charles Holmes, ya dawo da ita da lidoken. Dabarar tana da ban sha'awa. Ana sa ƙaramar allurar ƙarin ruwa a bayan hannun da ya karye, a sa wata a lafiyayyen hannu don ko-ta-kwana. A ɗaga hannun sama na 'yan mintuna jini ya gangara, sai a hura wani ɗauri mai kama da na awon hawan jini a damtse, a matse shi har ya zarce bugun jinin mutum da kamar maki 100, jini ya daina shiga ya daina fita. Daga nan a tura maganin cikin jijiyar jini. Da yake ba shi da hanyar fita, sai ya jiƙa duk jijiyoyin saƙo da ke ƙasa da ɗaurin. Fata takan yi dabbare-dabbare, cikin minti biyar zuwa goma hannu ya mutu murus, tsoka ta saki, likita ya yi aikinsa a natse, har a ɗauki hoto a gyara idan bai zauna daidai ba.

Rayuwar majinyaci a wannan hanya tana rataye ne a kan ɗaurin. Ƙa'ida ita ce ba a sassauta shi kafin minti ashirin da tura magani, ko da an gama aiki a minti biyar, domin sai a lokacin naman hannu ya shanye yawancinsa. Idan ɗaurin ya sace da wuri, maganin duka zai kwarara zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa lokaci guda. A farkon shekarun 1980 an sami mace-mace a Birtaniya lokacin da ake yin wannan aiki da wani magani mai ƙarfi, bufibaken, kuma tun daga nan aka hana amfani da shi ta wannan hanya. Na'urar awon jini ta yau da kullum, wadda iska ke zurarewa daga cikinta, ba ta isa wannan aiki ba, kuma dole a sami mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon ɗaurin.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya shafi Najeriya fiye da ƙasashen da aka ƙirƙiro dabarar. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu cutar sikila. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS. Tsayar da jini a gaɓa na rabin awa yana rage iskar oksijin a cikinta, wannan kuwa shi ne ainihin yanayin da ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe hanya. Don haka ba a yi wa mai SS wannan allura, likitoci da yawa ma suna kauce mata ga mai AS. Wanda ya san rukunin jininsa ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Haka nan mai hawan jinin da ya yi tsanani, domin ɗaurin ba zai iya tare bugun ba.

Ta uku ita ce a bi jijiyoyin saƙon can sama, a hammata ko a saman ƙashin wuya, a zuba magani kewaye da su. A da, likita yana lalube ne da sanin taswirar jiki, yana jiran majinyaci ya ce ya ji wani abu kamar lantarki ya tsarga masa har yatsu. Tun daga 1994, lokacin da wasu likitoci a Biyana suka wallafa yadda suka yi aikin da na'urar sikanin, abin ya canja. Na'urar dai ita ce wadda ake duba juna biyu da ita, da wani kai na daban. Likita yana ganin jijiyoyin a allo kamar curin inabi, yana ganin jijiyar jini kusa da su, yana ganin bakin allurarsa da yadda maganin ke bazuwa. Bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin hannu ya mutu daga damtse zuwa yatsu, har mutum ba ya iya ɗaga shi.

Wannan ita ce mafi cika a cikin ukun. Da ita ana iya yin cikakkiyar tiyata, a tsaga a sa ƙarfe da kusoshi, kamar yadda ake buƙata idan ƙasusuwan biyu suka karye suka goce a jikin babba, majinyaci yana kwance yana sauraren hira. Ta dace da mai sikila tunda ba sai an tsayar da jini ba domin ta yi aiki. Amma tana son hannu gwani. A saman ƙashin wuya, kan huhu yana nan kusa, allura na iya huda shi. Maganin kuma yakan taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na wannan ɓangare, abin da lafiyayye ba zai lura da shi ba amma zai wahalar da mai ciwon huhu. Ta hammata babu wannan haɗari. Idan kuwa raunin a tafin hannu ne ko yatsu, kamar yankan gilashi ko na injin markaɗe, ba sai an je can sama ba: ana iya samun rassa uku a sangalin hannu a ba kowanne 'yan mililita kaɗan, a wanke rauni a ɗinke.

Ƙananan yara lissafinsu daban ne. Yaro ɗan shekara biyar ba zai kwanta shiru ana nufo wuyansa da allura ba, don haka sau da yawa akan ba shi ketamin ya ɗan gusar masa da hankali, ƙarƙashin kulawa.

Maganin kashe zafi guba ne idan ya yi yawa, kuma da nauyin jiki ake auna shi. Littattafai da dama sun tsayar da iyakar lidoken zalla a miligiram uku ga kowane kilo. Mai kilo 60 ke nan iyakarsa miligiram 180, wato mililita 18 na ruwan da ƙarfinsa kashi ɗaya cikin ɗari ne, ko mililita tara kacal na mai kashi biyu. Kwalaben biyu kamarsu ɗaya. Idan maganin ya shiga jini fiye da kima, alamun farko majinyaci ne ke jin su kafin kowace na'ura ta nuna: leɓe da harshe su sage, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya ɗauki ƙara, kai ya yi jiri. Bayan su sai jijjiga, sai bugun zuciya ya rikice. A nan kunya da dauriya ba su da amfani, wanda ya ji ɗaya daga ciki ya faɗa nan take a dakatar da allura. Akwai makari, wani farin ruwan kitse mai kama da madara da ake ƙarawa ta jijiya, wanda Guy Weinberg ya nuna amfaninsa a kan ɓeraye a 1998, aka kuma fara ba da rahoton ceto ɗan Adam da shi a 2006. Wurin da ake yin manyan alluran nan ya kamata a ce yana da shi a kusa, tare da oksijin da na'urar lura da bugun zuciya. Ɗakin da babu waɗannan, kamar bayan kantin magani, ba wurin yin su ba ne.

Daren farko a gida

Sallama da wuri tana mayar da wani ɓangare na aikin jinya kan majinyaci da iyalinsa, kuma a nan aka fi yin sakaci. Allurar Bier tana sakin hannu cikin mintuna bayan an kwance ɗauri. Ta hammata ko ta wuya kuwa takan ɗauki awa biyu zuwa huɗu da lidoken, da bufibaken kuma tana iya kai wa rabin yini ko fiye. A tsawon wannan lokaci hannun bai san wuta ba, bai san kaifi ba. Sai a rataye shi a wuya da majanyi, a nisanta shi da murhu da ruwan zafi, kada a kwanta a kansa, kada kuma a yi tuƙi. Maganin ciwo da aka rubuta a fara shan sa tun hannun bai gama farkawa ba, domin zafin yakan dawo gaba ɗaya, galibi da tsakar dare. Zobe da awarwaro da agogo kuwa tun a wurin da aka faɗi ya kamata a cire su, kafin kumburi ya sa sai an yanka.

Akwai zafin da ba a son a danne. Tsokokin sangalin hannu suna cikin wasu jakunkuna ne masu tauri da ba sa buɗewa. Idan kumburi ya yi yawa a ciki, ko ɗauri ya matse daga waje, jini ya daina isa ga tsoka, cikin kamar awa shida ta fara mutuwa. Babbar alamar ita ce ciwo mai ƙaruwa wanda ya wuce misali, wanda magani ba ya taɓa shi, wanda kuma ke tsananta idan an miƙar da yatsu. Yatsun na iya kumbura, su yi sanyi, su canja launi. Wannan ba ya jiran gari ya waye. A koma asibiti a daren, a tsaga filastar, in ta kama a tsaga jakar tsokar. Idan aka makara, hannun yakan ƙandare yatsu su lanƙwashe har abada, nakasar da Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881. Saboda gudun kada allura mai dogon zango ta rufe wannan gargaɗi ne likitoci ke zaɓar mai gajeren zango, ko su riƙe mutum a asibiti, idan hannun ya murƙushe ne ko ya kumbura ƙwarai. Saboda haka ne kuma filastar farko takan zama rabi, a bar wa kumburi wuri.

Wannan ita ce matsalar da likitocin ƙashi a Najeriya suka daɗe suna kokawa a kanta game da ɗorin gargajiya. Masu ɗori suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, an kuma yarda da su tun kaka da kakanni, kuma karaya da yawa takan haɗe a hannunsu domin ƙashi da kansa yake warkewa. Illar tana cikin karan da ake jerawa a ɗaure tamau a kan sabon kumburi, da kuma fahimtar da ake yi wa ciwon da ke biyo baya, cewa alama ce ta ɗori yana kamawa. Asibitocin ƙashi na Dala a Kano, Igbobi a Legas da na Inugu sun saba karɓar hannuwan da suka iso a makare, wasu sun riga sun ruɓe sai yankewa, da yawansu na yara.

Ga ma'aikacin tarayya akwai batun takarda. Tsarin inshorar lafiya, wanda dokar 2022 ta mayar ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, ya ɗora kowa a kan asibitin farko da ya zaɓa, kuma zuwa wurin likitan ƙashi yakan buƙaci takardar turawa da lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorarsa. Hadimin da ya rako maigidansa, ko abokin aikin da ya ɗauko wanda ya faɗi, zai rage jira idan ya fara kiran kamfanin tun a mota, ya kuma hana majinyaci ci da sha har likita ya gan shi, domin ko an shirya kashe hannu kaɗai, allura takan ƙi kamawa wani lokaci a koma ga ta barci. Birnin yana da manyan wurare irin su Cibiyar Kula da Masu Rauni da ke Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Kowace hanya aka zaɓa, haƙƙin majinyaci ne ya tambayi wace allura za a yi masa, wa zai yi ta, kuma awa nawa za ta ɗauka kafin ta sake shi.

Ƙashin da aka daidaita yana iya sake gocewa a cikin filasta idan kumburi ya saɓe, shi ya sa ake sake ɗaukar hoto bayan kamar mako guda, lokacin da gyara bai yi wuya ba tukuna. Filastar kan zauna mako biyar zuwa shida ga babba, ƙasa da haka ga yaro. A duk tsawon lokacin ana son yatsu su riƙa dunƙulewa suna buɗewa sau da yawa a yini, gwiwar hannu da kafaɗa su ma suna motsi, domin hannun da aka bari a rataye ba motsi yakan fito daga filasta a sandare, ya ɗauki watanni kafin ya koma riƙe biro yadda ya saba.